"Ina kike ranar da aka kashe Sardauna?": Yadda za ka tattara abin da dattawan Zariya ke tunawa

Kakata ta wajen uba ta ba ni labarin nan ya fi sau goma. Tana tsakar gida a Kwarbai, tana surfen geron kunun buɗa-baki, sai kakanmu ya shigo bai yi sallama ba, abin da ta ce bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ya wuce ta, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya cire hula ya riƙe. Daga nan ta san wani babban abu ya faru. Duk lokacin da ta fara labarin nakan ce a raina wata rana zan zauna in ɗauki muryarta. Ta rasu ban ɗauka ba. Yau ban san wa ya gaya wa kakanmu ba, ban san ko ta ƙarasa surfen ba, ban san abin da maƙwabta suka ce ta kan katanga ba, kuma ba wanda ya rage a gidanmu da zan tambaya.

Wannan ne ya sa nake rubuta jagorar nan. Wanda ya kashe Sardauna da yadda aka kashe shi suna cikin littattafai. Abin da babu a littafi shi ne inda labarin ya sami kowa, abin da ke hannunsa, da bakin da ya ji daga gare shi. Yaron da yake da shekara 15 a 1966, a 1951 aka haife shi, yanzu ya haura saba'in. Da yawa daga waɗanda suka riga suka yi aure a lokacin sun ba tamanin baya. Idan akwai irinsu a gidanku ko a unguwarku, aikin na bana ne.

Ka fara riƙe tarihin da kanka

Kada ka je gaban dattijo kana lalube. Ka san waɗannan kamar sunanka. Daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna, suka kashe Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da uwargidansa Hafsatu. A daren ne aka kama Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa a Legas, sai bayan kwanaki aka ga gawarsa, aka kai shi Bauchi. An kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Da rana Nzeogwu ya yi jawabi ta gidan rediyon Kaduna. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulkin ƙasa, aka naɗa Hassan Usman Katsina gwamnan soja na Arewa.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a wurin hira shi ne yanayin ranar. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, saura kamar mako guda Sallah, kuma ana tsakiyar hunturu. Sarkin Zazzau a lokacin shi ne Muhammadu Aminu. Kuɗin da ke hannun mutane fam ne da sule da kwabo. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta daɗe da cika shekara uku ba, domin a Oktoban 1962 aka buɗe ta, kuma Sardauna ne uban jami'ar na farko. Tsakanin Zariya da Kaduna kusan kilomita 80 ne, ga jirgin ƙasa, ga barikin soja a cikin garin, ga ma'aikatan gwamnati da iyalansu ke nan suna aiki can. Saboda haka labarin ya shigo Zariya ta ƙofofi da yawa, kuma gano ƙofar da ya biyo ya iso kowane gida shi ne rabin aikinka.

Sannan ka san abin da ya biyo baya a shekarar: dokar da Ironsi ya kafa a watan Mayu ta rushe tsarin jihohi, tarzomar da ta ɓarke a ƙarshen watan, juyin mulkin 29 ga Yuli da ya kawo Yakubu Gowon, da kashe-kashen Satumba da Oktoba. Za ka ga amfanin sanin wannan jeri nan gaba.

Wa za ka je wa

Yawancin masu irin wannan aiki sukan yi kuskure ɗaya, su tafi kai tsaye wurin masu sarauta da tsofaffin manyan ma'aikata. Waɗannan suna da abin faɗi, amma sun karanta jaridu, sun sha ba da labarin a taro, har ya zama kamar karatun hadda. Ka haɗa da su, amma kada su fi kashi ɗaya cikin uku na mutanenka.

Ka ɗauki takarda ka raba garin. Cikin birni daban: Kwarbai, Anguwar Juma, Limancin Kona, Babban Dodo, wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Tudun Wada daban, inda ma'aikatan kamfanin Gaskiya da malaman makaranta suka zauna. Sabon Gari daban, wurin 'yan reluwe da 'yan kasuwa da baƙi daga kudu. Sai Samaru da Kongo na ɗalibai da leburorin jami'a, sai Wusasa. A kowane ɓangare ka nemi mutum biyu ko uku, kuma ka tabbata ba sana'a ɗaya suke ba. Tela da ke fama da ɗinkin Sallah a wannan mako zai tuna abin da ɗan makarantar Barewa ba zai tuna ba. Haka mahauci, da direban babbar mota da ya kwana a hanyar Kaduna, da almajirin da ke yawon bara a lokacin.

Mata su zama rabi. Na nanata wannan domin su ne ake tsallakewa da hujjar wai suna cikin kulle, ba su ga komai ba. Ai abin da ya faru a cikin gida ake nema, kuma su ne suka ga fuskar mazan da suka shigo da labarin. Idan kai namiji ne kuma ba muharraminta ba, ka tura ƙanwarka ko matarka da waya, ko jikar gidan ta zauna tare da ku.

Ka nemi tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano, su ma. Ba kowa ne a Zariya yake NPC, jam'iyyar Sardauna, ba, kuma akwai wanda ya sha ɗauri a hannun En'e saboda siyasa. Abin da irin wannan mutum ya ji a zuciyarsa ranar nan yana iya zama gauraye, kuma ba zai faɗa a gaban taro ba. Tarihin da ya ƙunshi masu kuka kawai bai cika ba.

Shiga gidan

Kada ka faɗa wa dattijo da waya a hannu. Ka bi ta wanda ya yarda da shi: ɗansa, limamin masallacin da yake salla, ko mai unguwa. Zuwan farko na gaisuwa ne kawai. Ka riƙe goro ko turare, ko sabulu da sukari idan tsohuwa ce. Ka durƙusa ka gaida shi, ka faɗi ɗan gidan wa kake, domin a Zariya da asalinka ake buɗe maka ƙofa. Sannan ka faɗi buƙatarka a taƙaice, kamar haka: "Baba, so nake in ji daga bakinka yadda kuka ji labarin rasuwar Sardauna, in ajiye saboda jikoki. Idan ka amince, ka ba ni ranar da zan dawo." Idan malami ne, Allah gafarta Malam ne, idan mai sarauta ne, ranka ya daɗe. Tsohuwa kuwa ka kira ta da sunan da 'yan gidan ke kiranta, ko Iya, ko Gwaggo, ko Hajiya.

Kada ka yi alkawarin kuɗi, kada kuma ka bari a ɗauka daga gwamnati ko wata ƙungiya aka aiko ka idan ba haka ba ne. Da zarar an zaci akwai tallafi a bayan abin, labarin zai fara kumbura.

Lokacin da ya fi kyau shi ne hantsi, bayan an karya kumallo, ko bayan la'asar. Ka bar ranar Juma'a da safe, ka bar tsakanin magariba da isha'i.

Kayan aiki

Wayarka ta isa. Ka cika ta da caji, ka share hotuna don a sami wuri, ka kashe layin don kada kira ya katse ɗaukar. Ni na taɓa rasa hirar kusan awa guda da wani tsohon ma'aikacin reluwe saboda kira ya shigo, ɗaukar ta tsaya ban lura ba, kuma da na koma bayan wata biyu jikinsa ya yi nauyi. Ka ɗora wayar kan matashi ko naɗaɗɗen zane kusa da shi, kada ta fi kamu biyu daga bakinsa. Ka kashe fanka. Idan zauren yana bakin titi babura na wucewa, ko akwai injin markaɗe a maƙwabta, ka roƙi a shiga daga ciki. Ka gwada minti ɗaya ka saurara kafin a fara. Murya ta fi bidiyo, domin kyamara kan sa dattijo ya gyara zama ya koma yin jawabi. Hoto sai a ƙarshe, idan ya yarda.

Da ka danna, ka faɗi kwanan wata da unguwa da sunanka, sannan ka tambaye shi a kan ɗaukar ko ya amince a naɗi muryarsa, ko ya amince a ambaci sunansa, ko a sakaya. Amsarsa ta zauna a cikin sautin.

Yadda ake tambayar

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi ɓata shi.

Kada ka fara da kisan. Ka fara da rayuwarsa a lokacin: a wane gida yake, da wa da wa, me yake yi, ya yi aure ko bai yi ba, wa ke da akwatin rediyo a layinsu. Minti goma ko sha biyar a kan wannan ba ɓata lokaci ba ne. Kana mayar da shi cikin shekarar ne a hankali, har ya fara ganin zauren da mutanen da suka shuɗe.

Sai ka yi tambayar guda ɗaya: "Baba, ina kake lokacin da ka ji?" Ka yi shiru. Idan ya tsaya yana kallon ƙasa, kada ka cike masa gurbin. Mu matasa shiru yana damunmu, muna hanzarin jefa wata tambaya, alhali a cikin shirun nan ne abin ke tasowa. Ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka buɗe baki.

Bayan ya kai aya, sai ka koma baya kana tsintar ƙananan abubuwa. Wa ya fara gaya masa, da wace kalma? An ce an kashe ne, ko an ce ya ɓace, ko an ce sojoji sun yi tawaye? Ya yarda nan take? Me ke hannunsa? An buɗe kasuwa ranar? Ya ga motocin soja? Me liman ya ce a masallaci, an yi asham kamar kullum? Da me aka buɗe baki? Wa ya ga yana kuka wanda bai taɓa ganin hawayensa ba? Yaya Sallar shekarar ta kasance, an yi hawa, an sa sababbin kaya? Irin waɗannan ne ke fito da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Akwai tambayoyin da za ka kiyaye. Duk wadda ta ɗauko amsarta a baki, kamar "ai kowa ya yi baƙin ciki ko?", ba ta da amfani, domin ba dattijon da zai ce a'a. Ka ce "yaya mutanen layinku suka ɗauki abin?" Kada kuma ka nuna masa ka fi shi sani. Idan ka fara jero sunayen manjoji, zai ja baki ya ce ai kai ka karanta, shi ke nan ka rufe rijiyar da ka zo ɗiba.

Kowane abu ya faɗa, ka bi shi da tambaya ɗaya cikin ladabi: "Wannan da idonka ka gani, Baba, ko ji ka yi?" Mu da muka tashi da sanin isnadi a karatun hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Za ka ji labarai na ban mamaki a kan daren nan, na layu da na harsashin da ya ƙi shiga. Ka ɗauke su yadda aka faɗa, ka tambayi daga wa ya ji kuma yaushe. Yadda jita-jita ta zagaya garin ita ma tarihi ce.

Hira kada ta wuce awa ɗaya. Mutum ɗaya a lokaci guda, domin idan ka haɗa tsofaffi uku a dakali, mai ƙarfin murya zai cinye sauran, su koma gyaɗa kai.

Idan labarin ya saɓa da tarihi

Zai saɓa, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin irin wannan tunawa. A 1977 Roger Brown da James Kulik suka yi rubutu a kan yadda Amurkawa ke tuna inda suke lokacin da aka harbe Shugaba Kennedy a 1963, kamar hoton da aka ɗauka da walƙiya. Daga baya Ulric Neisser ya sa ɗalibai suka rubuta yadda suka ji labarin tarwatsewar kumbon Challenger washegarin faruwarsa a 1986, ya sake tambayarsu bayan kusan shekara uku. Da yawa sun ba da labari daban da wanda suka rubuta da hannunsu, kuma suna da cikakken yaƙini a kan sabon. Idan shekara uku ta yi haka, ka auna shekara sittin.

Abin da na fi gani a Zariya shi ne haɗe ranaku. Mutum zai haɗa Janairu da tarzomar Mayu, ko da juyin mulkin Yuli, ko ma da kisan Janar Murtala Muhammad na ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Ga yadda za ka rarrabe ba tare da ka ƙaryata kowa ba. Ka tambaya ko ana azumi. Idan ya ce ana ruwa, an yi shuka, to ya gangara Mayu ko Yuli. Idan ya ambaci naira, ya kai 1973 ko bayanta. Idan ya ce Sarki Shehu Idris ne ke kan gado, to Murtala yake tunawa, domin a 1975 aka naɗa Shehu Idris. Ga mata, ma'aunin da ba ya kuskure shi ne goyo: wane ɗa ne a bayanta, ko cikin wa take ɗauke da shi.

Ko ka gano ya haɗe, kada ka gyara masa a wurin. Ka rubuta a littafinka, ka bar sautin yadda yake.

Wurin da ke buƙatar taka-tsantsan

Hirar Janairu takan zarce zuwa Mayu da Satumba ko ba ka nufa ba, kuma a nan akwai jini. An kashe mutane a Sabon Gari, wasu sun gudu sun bar gidaje da shaguna, wasu maƙwabta sun ɓoye maƙwabtansu. Idan dattijo ya shiga wannan, ka bar shi ya faɗa. Idan ya yi kuka, ka tsayar da ɗaukar, ka ba shi ruwa, ka tambaye shi ko a bari sai wata rana. Amma idan ya kama sunan wani ya ce shi ya yi kaza, wannan suna ba zai fita daga hannunka ba. Mutumin ya mutu ba zai kare kansa ba, jikokinsa kuma suna nan a garin. Ka je wurin dattawan Ibo da Yarbawa da suka tsufa a Sabon Gari su ma, da mutanen Wusasa, ka yi musu tambayar da ka yi wa na birni, da ladabi iri ɗaya.

Haka idan ka zaɓi yin aikin a kan abin da ya fi kusa, wato kisan Sheikh Muhammad Auwal Adam Albani da matarsa da ɗansa a daren Asabar, 1 ga Fabrairu 2014. Wannan a cikin Zariya ya faru, kuma duk wanda ya haura ashirin da biyar zai gaya maka inda yake da kiran waya ko saƙon ya shigo. Hanyar ɗaya ce, har da ƙarin dama, domin wasu suna da saƙonnin daren a tsofaffin wayoyinsu ko a Facebook, abin da zai ba ka ainihin lokaci. Sai dai iyalai da ɗalibai suna raye, raunin ɗanye ne. Ka tsaya a kan inda mutum yake da abin da ya ji. Zargi da hasashen wa ya sa aka yi ba aikinka ba ne, kuma kada ka yanki guntun murya ka watsa a WhatsApp.

Bayan ka dawo gida

A daren nan, kafin ka kwanta, ka sa wa sautin suna mai ɗauke da kwanan wata da unguwa, ka kwafe shi wuri uku: kwamfuta, filashi, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Ka rubuta abin da waya ba ta ɗauka ba, kamar waɗanda ke zaune a wurin, inda ya nuna da hannu, da abin da ya faɗa bayan ka kashe, domin sau da yawa maganar da ta fi nauyi a bakin ƙofa take fitowa. Irin wannan sai ka nemi izininsa kafin ka yi amfani da ita.

Juyar da sauti zuwa rubutu yana cin lokaci, awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida. Ka rubuta yadda ya faɗa. Idan ya ce "rigan" kada ka mayar da shi "rigar". Zazzagancinsa na cikin abin da kake adanawa.

Idan ka tara hira goma ko sha biyu, ka jera su gefe da gefe ka duba wa ya ji da hantsi, wa ya ji bayan jawabin rediyo, wa bai ji ba sai wurin buɗa-baki. A nan za ka ga hanyar da labarin ya bi daga tasha da bariki zuwa cikin ganuwa. Sannan ka gwada da takardu. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin abin, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ka neme su a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, ko Gidan Arewa a Kaduna, wanda a harabar gidan Firimiyan yake, ko Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka tafi da katin shaida, da takardar gabatarwa idan kai ɗalibi ne.

Cikin mako biyu ka koma wa dattijon. Ka kunna masa muryarsa ya ji, ka tambaye shi ko akwai abin da yake so a cire ko a ƙara. Yawanci zuwa na biyu ya fi na farko albarka, domin tun da ka tafi yake ta juya abin a ransa, wataƙila ma ya aika an kira masa wani abokinsa da suke tare a ranar. Kafin ka tashi ka tura sautin a wayar ɗaya daga cikin jikokinsa, ka tsaya har sai ya buɗe shi ya ji yana aiki.